Kifin Beta a Ƙaramin Tanki: Yadda Ake Kiyaye Tsaftar Ruwansa a Yanayi Irin na Minna

A cikin kifayen ado da ake ajiyewa a falo ko kan teburin ofis, da wuya a sami wanda ake yi wa gurguwar fahimta kamar beta, ɗan ƙaramin kifin nan mai baza jela kamar gyale, ja ko shuɗi ko mai sirkin launi. Akan sayar da shi a cikin kwalba ko ɗaurarriyar leda, a kuma tabbatar wa mai saye cewa kifi ne marar laulayi wanda ba ya bukatar komai sai abinci. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin beta na iya rayuwa a ruwan da zai halaka wani kifin cikin kwana guda. Sai dai wannan juriyar ce ke jawo masa wahala. Kifin da ya kamata ya yi shekara 2 zuwa 4 yakan mutu cikin 'yan makonni, mai gida ya yi asarar kuɗinsa, yaron da aka saya wa kuma ya wayi gari da kuka, ba tare da kowa ya gane abin da ya faru ba.

Mafi yawan lokaci amsar tana cikin ruwan. Kuskuren kuma iri biyu ne masu kishiyantar juna. Akwai wanda ba ya taɓa ruwan sai ya yi wari. Akwai kuma mai himma, wanda duk Asabar zai kwashe kifin ya saka a kofi, ya wanke kwalbar da tsakuwar da sabulu har su yi ƙal, ya cika da ruwan famfo, ya mayar da shi. Na biyun ya fi ban tausayi, saboda da niyyar kyautatawa yake kashe abin da yake so.

Kifin fadamar shinkafa

Asalin beta ƙasar Tailan ce da maƙwabtanta na kudu maso gabashin Asiya, inda yake zaune a fadamun shinkafa da kududdufai da ƙoramu masu tafiyar hawainiya a kwarin kogunan Chao Phraya da Mekong. Wanda ya san fadamun Badeggi ko na Wushishi a jihar Neja cikin damina zai iya hango irin wurin: ruwa marar zurfi, mai ɗumi, cike da ciyayi, amma mai faɗin da ido ba ya ganin ƙarshensa. Mutanen Tailan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kiwonsa domin haɗa mazansa faɗa, har sunan da suke kiransa da shi, pla kat, na nufin kifi mai cizo. Masanin kifaye ɗan Ingila, Charles Tate Regan, shi ya raɗa masa sunan kimiyya na Betta splendens a 1910, a 2019 kuma gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Dogayen fikafikan da launukan da ake gani yau aikin masu kiwo ne. Na dajin bai kai haka kwalliya ba.

Abin da ya bambanta shi da yawancin kifaye shi ne wata gaɓa mai lanƙwashe-lanƙwashe a cikin kansa da ke ba shi damar haurowa saman ruwa ya shaƙi iska kai tsaye. Wannan ba baƙon abu ba ne ga masunta da masu kiwon kifi a Najeriya. Tarwaɗa ma tana da irin tata gaɓar, shi ya sa take daɗewa da rai a cikin baho a kasuwa, gaiwa kuwa takan kwanta cikin busasshen taɓo har damina ta zagayo. To amma duk mai kiwon tarwaɗa a Minna ya san cewa shaƙar iska ba ta hana kifinsa mutuwa idan ruwan tafkin ya ɓaci. Haka abin yake ga beta. Gaɓar tana kare shi daga ƙarancin iskar oksijin, ba ta kare shi daga gubar da ke taruwa a ruwa.

Dattin da ido ba ya gani

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta jajayen sassan numfashin da ke gefen kansa, kashinsa da ragowar abinci kuma idan sun ruɓe suna ƙara ta. Amoniya ba ta da launi. Ruwa na iya kasancewa garau kamar na kwalba alhali yana ƙona fatar kifin da sassan numfashinsa. A fadama, yawan ruwa da ciyayi ne ke shanye ta. A cikin gilashi kuwa babu inda za ta je.

A nan lissafi mai sauƙi yake warware wata tsohuwar fahimta, wato cewa ƙaramin mazubi ya fi sauƙin kula. Kifi ɗaya dattin da zai fitar a yini ɗaya ne, ko ina aka ajiye shi. Idan yana cikin kwalbar lita 2, ƙarfin gubar zai ninka na tankin lita 20 sau goma. Ƙaramin ruwa kuma ya fi saurin ɗaukar zafi da saurin hucewa. Saboda haka masu kiwon kifin ado ke ba da shawarar kada mazaunin beta ya gaza kimanin lita 20, wato ƙasa kaɗan da jarkar nan mai lita 25 da 'yan ga-ruwa ke turawa a kura. Tankin gilashi mai tsawon santimita 40 da faɗin 25 da tsayin 25 yana cin lita 25 cif. Idan aka zuba tsakuwa aka bar sarari a sama, ruwan zai tsaya a wajen lita 20. Duk mai yanka gilashin taga da ya iya aiki da gam ɗin silikon zai iya haɗa shi, muddin gam ɗin ba mai maganin fumfuna ba ne irin na banɗaki, domin wannan guba ne ga kifi.

Mai kawar da amoniya a cikin tanki ba soso da sabulu ba ne, wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Wani rukuninsu na mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne da ke hana jinin kifi ɗaukar oksijin, wani rukunin kuma ya mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda kifi ke iya jurewa idan bai yi yawa ba. Tun wajen 1890 masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya gano waɗannan ƙwayoyi a cikin ƙasar noma, kuma su ne ke aiki a gona bayan an zuba taki. A tanki ba sa yawo a cikin ruwan sosai. Suna manne ne a jikin tsakuwa, da bangon gilashi, da soson matata, a cikin wannan ɗan santsi-santsin da mai tsafta ke ɗauka ƙazanta ce. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki. Wanda ke wanke komai da sabulu duk mako yana share su ne kafin su zauna da gindinsu, kifinsa kuma kullum yana cikin sabon tanki, wato cikin lokaci mafi haɗari.

Akwai wani ƙarin bayani da ya shafi garuruwa masu zafi. Ba dukkan amoniyar da ke cikin ruwa ce ke cutarwa ba. Wani kaso ne daga cikinta, kuma kason yana ƙaruwa da ɗumin ruwa da kuma ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH. A ruwa mai digiri 25 da pH 7, kason mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan pH ya hau zuwa 8, sai ya haura kashi 5, idan kuma ɗumin ya kai digiri 30 ya wuce kashi 7. Ke nan sakacin da kifi zai jure a watan Agusta na iya zama ajalinsa a watan Maris. Wannan ilimin shi ne ake koyar da ɗaliban sashen albarkatun ruwa da kiwon kifi na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, shi ne kuma ginshiƙin aikin Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa. Bambancin tafkin tarwaɗa da tankin falo na girma ne kawai.

Wane ruwa za a zuba?

Mazaunin Minna ba shi da tushen ruwa guda ɗaya, kuma kowanne da halinsa. Ruwan famfon da ke fitowa daga matatar Chanchaga, wadda madatsar Tagwai ke ba ruwa, ko daga ɓangaren Bosso, an sa masa kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta. Hakan alheri ne ga ɗan Adam. Ga kifi kuwa kulorin yana ƙona sassan numfashi, yana kuma kashe bakteriyar da tankin ya dogara da su. Idan aka tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti aka bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, kulorin yakan fice. Akwai wani ɗan'uwansa, kuloramin, da wasu matatun ruwa a duniya ke amfani da shi, wanda ajiya ba ta kore shi. Shi ya sa ɗigon maganin kashe kulorin da masu kayan kifin ado ke sayarwa ya fi zama abin dogaro, ƙaramar kwalba kuma tana daɗewa. Haka nan a kula da ruwan randa ko tankin sama da aka ɗiga wa WaterGuard ko makamancinsa, domin shi ma kulorin ne.

Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma ba a zuba shi kai tsaye daga bakin famfo. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa yana da ƙarancin oksijin, kuma pH ɗinsa kan canza bayan ya sha iska, don haka shi ma gara ya kwana a bokiti. Idan ya kwana aka ga ja-ja a gindin bokitin, alamar ƙarfe ce. Sai a tsiyaye na sama a bar laka. Rijiyar gida marar zurfi da ke kusa da masai ko sokawe ita ce abar tsoro, domin tana iya zuwa da amoniya da naitiret tun kafin kifi ya ƙara nasa. Ruwan 'yan ga-ruwa kuwa matsalarsa ita ce yau daga nan, gobe daga can, ga kuma jarkar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba.

Wasu kan ga ruwan leda ya fi tsafta. Yana iya yin aiki, lissafinsa ma da sauƙi: leda ɗaya rabin lita ce, don haka canjin lita 5 leda goma ke nan, rabin jaka. Sai dai ingancinsa ya danganta da kamfani, wani da kulorin, wani kuma an tace shi har babu sauran ma'adinai, irin wannan kuwa pH ɗinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ruwan sama na indararo yana wanko ƙura da kashin tsuntsu da tsatsar kwano, musamman a ruwan farko, sinadarin zinc na rufin kuma yana cutar da kifi. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne daidaito. Beta na iya sabawa da ruwa mai ɗan gishirin ma'adinai ko marar shi, abin da ba ya jurewa shi ne a riƙa sauya masa iri kowane mako. Idan an sami tushe ɗaya da kifin ke lafiya a cikinsa, a tsaya a kai.

Aikin mako

Canjin ruwa aiki ne na minti goma sha biyar, kuma ba a fitar da kifin. A tankin lita 20 mai matata wanda ya riga ya kafu, cire kashi ɗaya cikin huɗu, wato lita 5, sau ɗaya a mako ya wadatar. Ana amfani da siririn tiyo, bakinsa ɗaya a cikin tsakuwa, ɗayan a bokitin da ke ƙasa, kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota. Bambancin shi ne ba a zuƙa da baki. A cika tiyon da ruwa, a toshe bakunansa da yatsa, a tsoma ɗaya a saki ɗayan, ruwa zai bi da kansa. Sai a riƙa caccaka tsakuwar a hankali domin kashi da ragowar abinci su bi tiyon, domin a ƙasa dattin yake kwanciya. Wanda ke kwasar ruwan sama da kofi yana zubar da mafi tsaftar ruwan ne ya bar laka. A kuma sa ido, domin beta kifi ne mai son ganin ƙwaƙwaf, yakan matso bakin tiyon, jelarsa kuwa ba ta da ƙwari.

Gansakukar da ta kama gilashi ana goge ta da sabon soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba, ko da tsohon katin waya na roba. Soson matata kuma, sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu, a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka cire, ba a ƙarƙashin famfo ba. Ba a so ya koma fari. A rage masa lakar da ta toshe shi ne kawai. Bokitin da tiyon da soson su zama na kifi kaɗai. Bokitin da aka taɓa jiƙa wanki da Omo ko aka zuba wa bilic, ko an ɗauraye shi, ba abin yarda ba ne. Hannun da za a tsoma a ruwa shi ma a ɗauraye shi da ruwa zalla, kada ya shiga da man shafawa ko turare.

Sabon ruwan ya kwana a ɗakin da tankin yake, domin ɗuminsu ya zo ɗaya. Ruwan tankin roba da ke kan rufi da rana tsaka na iya yin zafin da hannu ma ke ji, na tulu ko firji kuma ya yi sanyi fiye da kima, kowanne na iya gigita kifin. A zuba a hankali, a kan tafin hannu ko ɗan faranti, kada a tayar da tsakuwa. Tsohon ruwan kada a zubar a kwata. Yana ɗauke da naitiret, shukar tukunya ko ɗan lambun bayan gida za su ji daɗinsa.

A makonnin farko na sabon tanki, da kuma a tankin da ba shi da matata, ma'aunin ya bambanta: kashi ɗaya cikin uku, sau biyu ko uku a mako. Wanda har yanzu kifinsa ke cikin kwalbar lita 2 ko 3 ba shi da mafita sai canza rabin ruwan kusan kullum, wahalar da ita kanta hujja ce ta sayen babban mazubi. Takardun gwajin ruwa da ake tsomawa su canza launi suna cire mutum daga canki-canka. Abin da ake nema shi ne amoniya da naitirait su nuna sifili.

Rabin dattin tanki daga hannun mai ciyarwa yake fitowa. Beta maciyin ƙwari ne, cikinsa kuma ɗan mitsitsi. Ƙwayoyin abinci kaɗan da zai cinye cikin minti biyu, safe da yamma, sun ishe shi, duk abin da ya nutse kuma a tsame shi. Ɓarɓashin burodi ko shinkafa ko garin rogo ba abincinsa ba ne, ruwan kawai suke ɓatawa. A gidan da yara suke da yawa, kowa yakan so ya zama shi ne ya ba kifi abinci, kifin kuma ba ya ƙin karɓa. Gara a ɗora nauyin a kan mutum ɗaya, a ajiye gwangwanin inda hannu ba ya kaiwa.

Bazara, hunturu da ɗaukewar wuta

Beta ya fi jin daɗin ruwa mai digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, kuma a yawancin watannin shekara ɗakin Minna yana ba shi hakan kyauta, abin da mai kiwo a Turai sai ya sayi na'urar ɗumama ruwa kafin ya samu. Matsalar tana zuwa a lokuta biyu. A watannin Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano na iya tura ruwan sama da digiri 30. Ruwa mai ɗumi yana riƙe oksijin kaɗan, abinci yana saurin ruɓewa, amoniya kuma tana ƙara kaifi kamar yadda aka bayyana. A wannan lokaci a matsar da tankin daga taga da bangon da rana ke duka, a rage abinci, a ƙara yawan canjin ruwa, a kuma bar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Jefa ƙanƙara a ciki kuskure ne. Saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa. Haka ma ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki wadda ke kamawa tana mutuwa tare da wutar lantarki.

Na biyu shi ne hunturu. Sanyin asubahin Disamba da Janairu kan sa kifin ya kwanta a ƙasa, ya daina ci, garkuwar jikinsa ta yi rauni, a lokacin ne kuma cutar fararen ɗigo ke samun ƙofa. Ƙaramar na'urar ɗumama ruwa mai wat 25 ta isa tankin lita 20. Inda babu, a kai tankin ɗakin ciki, a naɗe gefensa da tawul ko bargo da dare. Busasshiyar iskar kuma tana shanye ruwan da sauri, a nan ne wasu ke yaudarar kansu: cike gurbin ruwan da ya ƙafe ba canjin ruwa ba ne. Ruwa zalla ne ke tashi, datti da ma'adinai suna nan, kullum ƙara kauri suke. Ƙurar hunturu tana kwanciya a saman ruwa ta yi yana, wanda ake iya ɗebewa ta hanyar shimfiɗa takardar goge hannu a kai a ɗage ta nan take. Murfi yana rage ƙura, yana kuma hana kifin tsalle waje, domin beta gwanin tsalle ne. A dai bar sararin yatsu biyu tsakanin ruwa da murfi, da 'yar kafar shigar iska, tun da a can yake numfashi.

Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma mazaunin Tunga ko Kpakungu ko Maitumbi ya san wannan bai hana wuta ɗaukewa ba. Don haka matatar da ta dace da yanayin ita ce mafi sauƙi, wato dunƙulen soso da ɗan famfon iska ke hurawa. Ba ta cin wuta sosai, akwai ma wadda ke aiki da batirin cajin waya, kuma ba ta tayar da igiyar ruwan da ke wahalar da kifi mai dogayen fikafikai. Idan wuta ta ɗauke na wasu sa'o'i, soson yana nan tsundum cikin ruwan tanki, bakteriyarsa ba sa mutuwa nan da nan. Rufaffiyar matata ta waje kuwa idan ta daɗe a tsaye ruwan cikinta yakan ruɓe, wuta na dawowa ta amayo shi cikin tankin.

Tsirrai masu rai suna taimakawa ba tare da wuta ba, domin suna shan amoniya da naitiret a matsayin taki. Kainuwa, wadda ake wa kirari da dashen Allah, tana yin wannan aiki sosai, saiwoyinta kuma suna ba kifin mafaka irin ta fadama. Amma wadda aka tsinko daga kududdufi na iya zuwa da ƙwari da ƙwayoyin cuta ko ragowar maganin feshi, sai an wanke ta an ajiye ta daban na mako biyu, kuma kada a bari ta rufe fuskar ruwan gaba ɗaya. Masu kiwo a Tailan sun daɗe suna jefa busasshen ganyen itacen almond, irin wanda ake shukawa domin inuwa a harabar makarantu da ofisoshi a Najeriya. Yana rina ruwan ya yi kamar shayi marar kauri, launin kuma ba datti ba ne. Rabin ganye da ya bushe ya faɗo da kansa, aka wanke shi, ya isa.

Gubar da ke shigowa ta iska

Akwai haɗari ɗaya da littattafan kiwon kifin ado na ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba, amma a nan yana kan gaba: maganin sauro. Yawancin magungunan feshi na gwangwani da na igiya mai hayaƙi suna ɗauke da sinadaran da ke kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa. Fiya-fiya da ake yayyafawa a lungun ɗaki ta fi muni. Beta kuma, da yake yana shaƙar iskar da ke saman ruwa, yana cikin haɗari ta fuska biyu. Idan za a yi feshi, a kashe famfon iska, a lulluɓe tankin da jiƙaƙƙen tawul, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska sosai. Mafi alheri shi ne tankin ya zauna a ɗakin da ba a feshi. Turaren wuta mai yawan hayaƙi da hayaƙin janareta su ma gara a nesanta su. Ga mai tsoron kada tankin ya zama matattarar sauro, hankalinsa ya kwanta: tsutsar sauro na cikin abincin da beta ya fi so. Bokitin ruwan ajiya ne ke bukatar a yafa masa ƙyalle ko gidan sauro.

Kifin da ruwansa ya ɓaci yana nunawa. Yakan tsuke fikafikansa, launinsa ya dushe, ya ƙi abinci, ko bakin jelarsa ya fara zagwanyewa ya yi baƙi kamar yadin da wuta ta lasa. Matakin farko a duk waɗannan shi ne canza rabin ruwan da tsaftataccen ruwa mai ɗumi ɗaya, a maimaita bayan kwana ɗaya ko biyu. Zagwanyewar jela idan ba ta yi nisa ba takan warke da wannan kaɗai. Fasa kafson maganin mutane a zuba a tanki, kamar yadda wasu masu tafkin kifi suka saba, yana kashe bakteriya masu amfani ya ƙara dagula lamarin. Kumfar da namijin beta ke tarawa a lungun saman ruwa kuwa ba alamar ƙazanta ba ce, sheƙa ce yake ginawa domin ƙwai. Kuma namiji ɗaya ake ajiyewa a tanki. Biyu za su yi ta yagar juna, abin da ko ba don asarar ba, malaman addini sun yi hani da haɗa dabbobi faɗa.

Shi ma mai kiwon yana da nasa abin kiyayewa. Ruwan tankin kifi na iya ɗaukar ƙwayar Salmonella, da wata ƙwaya mai suna Mycobacterium marinum wadda ke shiga ta ƙaramin rauni ta haifar da ƙurji a hannu mai wuyar warkewa. Mai ciwo a hannu ya sa safar roba, kowa ya wanke hannu da sabulu bayan an gama, kada a wanke kayan tanki a wurin wanke kwanukan abinci, ƙananan yara kuma su tsaya a kallo. Idan ƙurji ya fito ya ƙi jin magani, a gaya wa likita cewa ana kiwon kifi a gida, domin wannan bayanin ne zai sa ya nemi cutar a inda take. Wanda kuma ya gaji da kiwon, ya ba wani. Ba a sakin baƙon kifi a kwata ko a kogin Chanchaga.

Saura batun tafiya, wanda ke tasowa duk Sallah ko Kirsimeti. Lafiyayyen beta na iya yin kwana 4 ko 5 ba tare da abinci ba, ba abin da zai same shi. Abin da ke kashe shi shi ne tausayin da ke sa a zazzaga masa abincin mako guda a ranar tafiya, ya ruɓe cikin zafi a rufaffen ɗaki. A canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan ana gobe tafiya, a ciyar da shi kamar kullum, a duba murfi. Idan tafiyar za ta wuce mako, a ƙulla wa maƙwabci abincin kowace rana a 'yar takarda daban, a ɓoye gwangwanin.